Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Bishop-bishop Kan Tafin Da Ake Yi A Ƙarshen Mas

Ya Iyayenmu cikin Ubangiji,

Salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku. Muna gaishe ku da aiki, muna kuma roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da hikimar kiwon garken da ya damƙa a hannunku.

Ni mawaƙin coci ne, shekara 19 ke nan ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Na rubuto wannan wasiƙa da yawun wasu 'yan'uwana mawaƙa, da masu karatu, da yaran da ke hidimar bagadi, da kuma wasu iyayenmu tsofaffi waɗanda suka ce ba su iya rubutu ba amma a sa bakinsu a ciki. Yawancinmu mu ne ake tafa wa. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauka hassada ce ta sa muka yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wannan. Fadan da ya yi shekaru tare da mu ya hana tafi a ƙarshen Mas, kowa ya saba, babu mai gunaguni. Da aka sauya shi, wanda ya gaje shi, mutumin kirki mai son jama'a, ya zo da nasa salon: kafin albarkar ƙarshe sai ya ce a tafa wa mawaƙa, a tafa wa masu share coci, a tafa wa baƙi, wani lokacin har a tafa wa kanmu da muka zo. Cikin wata uku majalisar Ikilisiya ta rabu biyu. Da aka kai masa maganar, amsar da ya bayar gaskiya ce: babu wani umarni daga Bishop, don haka kowane Fada da yadda ya ga ya dace. Mun tambayi 'yan'uwa a wasu Ikilisiyoyi, labarin ɗaya ne. A nan ana tafi, a can ana harara in ka tafa, kuma duk Cocin Katolika ɗaya ce. Shirun da kuka yi ne ya bar mu muna jayayya a ƙofar coci, shi ya sa muka kawo kukanmu gare ku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin mu shiga ƙorafi, a bambance wani abu, domin a nan ne gardamar take yawan ɓacewa. Tafi iri biyu ne. Akwai wanda yake tafiya tare da waƙa da kiɗa, hannu yana taya baki yabon Allah. Wannan ba mu da ja a kansa. Zabura 47:1 ta kira dukan al'ummai su tafa hannu su yi wa Allah sowa, Ishaya 55:12 kuma har itatuwan jeji ya ce za su yi tafi. Fadar Vatikan da kanta ta amince da tsarin Mas na ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a shekarar 1988, tsarin da ya ba rawa da motsin jiki wuri, kuma Fafaroma Francis ya yi Mas da shi a Majami'ar Bitrus Mai Tsarki ranar 1 ga Disamba, 2019. Wanda ya ce jikin mutum ba shi da rabo a sujada bai san Cocinsa ba. Tafin da muke magana a kai shi ne na biyun: waƙa ta ƙare, kiɗa ya tsaya, sai jama'a su juya fuska wajen mawaƙa ko wajen wani mutum, raf raf raf, wani har da fito. Duba inda idanu suke kallo kawai, za ka san wa ake tafa wa.

Ƙorafinmu na farko, kuma mafi nauyi, tafin nan ya cinye shirun da ya kamata ya biyo bayan karɓar Jikin Kristi. Babban jagoran da ke farkon Littafin Mas na Roma, a sakin layi na 45, ya lissafa shiru a matsayin wani sashe na sujadar kanta, ya kuma ce bayan Tarayya Mai Tsarki, wato karɓar Jikin Kristi, jama'a su yabi Allah a cikin zuciyarsu. Sakin layi na 88 ya sake ambaton ɗan lokacin addu'a cikin natsuwa. Dokar Coci ta 909 ta ce kada Fada ya bar yin godiya ga Allah bayan ya gama miƙa hadaya. Fafaroma Francis, wanda ba wanda zai zarge shi da ƙin fara'a, ya rubuta wasiƙa kan sujada ranar 29 ga Yuni, 2022, inda ya ɗora shiru a matsayi mafi girma cikin abubuwan da taron masu bi ke yi tare. To yau me ke faruwa? Mutum na ƙarshe bai gama komawa mazauninsa ba an ɗauki makirufo. Sanarwa, tafi. Godiya ga kwamiti, tafi. Gabatar da baƙo, tafi. Waƙar fita, babban tafi. Daga nan kuma sai hira ta ɓarke a cikin coci kamar an tashi daga taron biki, alhali fitilar nan da ke gefen akwatin da ake ajiye Jikin Ubangiji tana ci, tana shaida cewa Mai gidan yana nan.

Akwai wata uwa a cikin waɗanda suka sa ni rubutun nan. Ɗanta ya rasu bara. Mazauninta yana daura da inda muke tsayawa, don haka ina ganinta kowace Lahadi. Takan dawo daga karɓar Jikin Kristi ta durƙusa, ta rufe fuska da tafin hannu biyu, carbinta yana lilo a wuyan hannu. Ran nan muka rufe da wata waƙa mai tashi, muka ja muryar ƙarshe har numfashi ya kusa ƙarewa, coci ta ɗauki tafi. Na ga kafaɗunta sun zabura kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ɗago, ta duba hagu da dama, ta yi alamar gicciye a gurguje, ta tattara jakarta ta fita. Da na gaishe ta a waje sai ta ce, “Ɗana, waƙarku ta yi daɗi. Amma minti biyar ɗin nan kaɗai nake da shi da zan yi wa Ubangiji magana a kan yaron nan.” Ba ta ƙara ko kalma ba. Ni kuwa da na sha tafi a ranar, na koma gida jikina a sanyaye.

Na biyu, tafin yana ɓata mu, mu da ake yi wa. Wannan sai wanda yake ciki ya sani. Tun da aka dawo da shi, yadda muke zaɓen waƙa ya sauya. A wajen koyon waƙa za ka ji ana cewa, “Wannan ba ta tayar da mutane,” sai a ajiye waƙar da ta dace da karatun ranar a ɗauko mai armashi. An fara rigima kan wa zai ja baitin ƙarshe, domin shi ne za a tafa wa. Wata yarinya mai murya kamar sarewa ta daina zuwa saboda ranar da ta rera tafin bai kai na wadda ta riga ta ba. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, na kama kunnena yana auna ƙarfin tafi kamar mai awo. Ranar da ya yi rauni sai in yini ina tunanin inda muka kuskure, ban ko tuna Bisharar da aka karanta ba. Ubangiji ya yi magana a Matiyu sura 6 kan masu yin abin kirki don mutane su yaba, ya ce sun riga sun karɓi ladansu. Ba ma so a biya mu a nan.

Ciwon tsoho ne, ya Iyayenmu, kun fi mu sani. Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya, Bishop na birnin da yau ake kira Istanbul, wanda ya rasu a shekarar 407, jama'a sun riƙa katse wa'azinsa da tafi. Bai ɓoye ba, ya ce a lokacin yakan ji daɗi irin na ɗan Adam, amma in ya koma gida ya tuna masu tafin ba su ƙaru da kome ba sai baƙin ciki ya kama shi. Wata rana ya kawo shawarar a kafa dokar hana tafi a coci. Jama'a suka ji shawarar ta yi musu daɗi, suka tafa mata! Shi kuma Agustin na Hippo ya ba da labarin zuwansa birnin Kaisariya ta Muritaniya, a ƙasar Aljeriya ta yanzu, inda mutanen gari suke da wata mummunar al'ada: kowace shekara su rabu biyu, 'yan'uwa da 'yan'uwa, su yi kwanaki suna jifan juna da duwatsu har a rasa rayuka. Ya hau ya yi musu wa'azi su bari. Suka yi ta sowa da yabo, amma ya ce bai ɗauka ya yi wani abu ba sai da ya ga hawaye a idanunsu. Bayan shekara takwas ko fiye, ba a sake yin faɗan ba. In manyan malaman Coci irin waɗannan sun ji tsoron abin da tafi ke yi wa zuciyarsu, ina ga ɗan shekara 16 da aka miƙa wa makirufo jiya?

Na uku shi ne wanda ya fi ba mu kunya, kuma a nan za mu yi magana ba kwana-kwana. Tafi ya zama ma'aunin daraja a gidan Allah. Idan aka kira sunan wanda ya ba da babbar gudummawa, sai coci ta girgiza. Idan mai muƙami ya shigo, ko da a makare, sai a tsayar da kome a gabatar da shi a tafa. Wanda ya sa ɗan abin da yake da shi a akwatin baiko bai taɓa jin an tafa masa ba, kuma ya lura. Babban Taron Vatikan na Biyu, a kundinsa kan sujada wanda aka fitar ranar 4 ga Disamba, 1963, ya faɗa a sashe na 32 cewa ban da bambancin da hidima da naɗi suka kawo, da girmamawar da doka ta tanadar wa hukumomi, kada a fifita wani mutum ko wani rukunin mutane a cikin sujada, ko a cikin tsarin ko ta nuni na waje. Yaƙub ya riga ya gargaɗe mu a sura ta 2 kan mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can. Gwauruwar nan ta Markus 12 da ta jefa 'yan kuɗinta biyu, Yesu kaɗai ya gan ta, kuma bai ce a tafa mata ba, almajiransa ya kira gefe ya nuna musu. Mun san iyalai da suka koma zuwa Mas na sassafe, wasu ma suka rage zuwa, domin sun gaji da zama 'yan kallo a bikin karrama masu hali.

Sai yaranmu. Yaro abin da ya gani shi yake ɗauka. In kowace Lahadi abu na ƙarshe da ya gani shi ne an tafa wa waɗanda ke gaba, zai tashi da fahimtar cewa akwai masu yi, akwai masu kallo, shi kuma ɗan kallo ne. Katikis, wato malamin da ke koyar da addini a coci, zai yi shekara yana koya masa cewa Mas hadayar Kristi ce wadda dukanmu muke miƙawa tare, tafin minti ɗaya ya rushe darasin.

Ba za mu yi rashin adalci ga 'yan'uwanmu masu son tafin ba, domin suna da hujja, kuma mun zauna da su mun ji. Sun ce yabon gwani ya zama dole, yaba kyauta kuma tukwici, ga mutane suna ba da lokacinsu kyauta ba a biyansu ko sisi. Sun ce babu wata doka ta Coci baki ɗaya da ta ambaci tafi ta hana shi, kuma haka ne. Sun ce da zarar Fada ko Dikin ya sallami jama'a aka amsa da godiya ga Allah, Mas ta ƙare, sakin layi na 90 na jagoran Littafin Mas ma bai lissafa waƙar fita cikin abubuwan rufewa ba, saboda haka tafin bayan sujada yake zuwa. Sun tuna mana cewa a tsarin naɗin Fada an bar wa jama'a su nuna amincewarsu bisa al'adar wurinsu, kuma a wurare da dama da tafi ake nunawa. Sun kawo jana'izar Fafaroma John Paul na Biyu ranar 8 ga Afrilu, 2005, da ta Fafaroma Francis ranar 26 ga Afrilu, 2025, inda taron jama'a a dandalin Bitrus Mai Tsarki ya yi ta tafi.

Duk mun yarda an yi haka. Amma tafin naɗi tsarin sujadar ne ya buɗe masa ƙofa, kuma amsa ce ga kiran da Allah ya yi wa mutum. Tafin jana'izar Fafaroma kuwa ban kwana ne da ya ɓarke daga zuciya sau ɗaya, ba wanda ya riƙe makirufo ya ce a yi. Namu na kowane mako ne, umarni ake bayarwa, har ya zama kamar wani sashe na Mas, alhali sashe na 22 na kundin nan na 1963 ya ce ko Fada ba shi da ikon ƙara wani abu ko rage wani abu a sujada don ra'ayin kansa. Batun cewa Mas ta ƙare kuwa, yawancin tafin da muke kuka da shi kafin albarka ake yinsa. Wanda ake yi bayan sallama ma, sallamar ba ta mayar da coci ɗakin taro ba, kuma wadda ke durƙushe ba ta gama ba. Kadinal Joseph Ratzinger, kafin ya zama Fafaroma Benedict na 16 a 2005, ya rubuta a shekarar 2000 cewa duk inda tafi ya ɓarke a sujada saboda bajintar ɗan Adam, alama ce cewa ainihin sujadar ya gushe, nishaɗi mai rigar addini ya maye gurbinsa. Wasu cikinmu suna ganin maganar ta yi tsauri, domin mun san masu tafin, mutanen Allah ne, da kyakkyawar zuciya suke yi. Ni dai da na tuna yadda muke zaɓen waƙar fita yanzu, ban sami bakin musa masa ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ku yi magana. Dokar Coci ta 838 ta ba Bishop ikon kafa ƙa'idojin sujada a yankinsa, waɗanda za su hau kan kowa. Takarda mai shafi ɗaya ta isa, a karanta ta a dukan Ikilisiyoyi rana ɗaya, ta bambance tafin waƙa da tafin yabon mutum, ta faɗi lokutan da aka yarda da shi kamar naɗi. Ko da hukuncinku bai zo daidai da ra'ayinmu ba za mu bi, ya fi mana wannan halin na kowa da kiɗansa.

Ku umarci limamanmu su daina kiran tafi daga bagadi, su kuma hana masu sanarwa yin haka. Jama'a ba su cika farawa da kansu ba, jira suke a ce musu.

A dawo mana da shiru bayan Tarayya Mai Tsarki, shiru na gaske, Fada ya zauna, mawaƙa mu ajiye kayan kiɗa, ko minti biyu ne. Sanarwa ta zama gajera kuma sai in ta zama dole, yadda jagoran Littafin Mas ya ce. Karanta sunayen masu gudummawa da adadin abin da suka bayar a fitar da shi daga cikin Mas gaba ɗaya, a manna a allon sanarwa ko a kai shi taron Ikilisiya.

Godiya kuwa ba mu ce a daina ba, mu ma mutane ne, muna son a ce mana sannu. A yi ta a harabar coci, a ɗakin taro, a ranar da aka keɓe wa ma'aikatan Ikilisiya, a can a tafa har hannu ya yi zafi. Wanda waƙa ta taɓa shi ya same mu a waje ya faɗa mana, ko ya sa mu a addu'a. Kalmar uwar nan guda ɗaya ta zauna mini fiye da tafin shekara.

Kuma don Allah a bi abin da koyarwa, kada a bi shi da tsawa. Mun taɓa ganin inda aka daka wa jama'a tsawa daga bagadi don sun tafa, wata baƙuwa da ta zo karo na farko ta sunkuyar da kai har aka tashi. Irin wannan gyaran ɓarnarsa ta fi ta tafin. A bayyana dalili a wa'azi, a koya wa katikis da shugabannin mawaƙa, a sa shi cikin horon masu shirin zama Fada.

In kuna ganin sauyin zai yi wa mutane nauyi a lokaci ɗaya, akwai wanda ya riga ya nuna hanya. A watan Fabrairun 2020, gab da shiga Azumin da Kiristoci ke yi kafin Ista, Babban Bishop Socrates Villegas na Lingayen-Dagupan a ƙasar Filifin ya rubuta wa jama'arsa ya roƙe su su ƙaurace wa tafi a coci, ya haɗa shi da sauran abubuwan da ake ƙaurace wa a lokacin. Mu ma a gwada haka a Azumi mai zuwa, kwana 40. Jama'armu ba baƙin shiru ba ne. Kowace shekara ranar Juma'a Mai Tsarki coci takan cika maƙil, a durƙusa, a tashi, a fita ba waƙa ba tafi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an tauye shi a ranar ba. Idan Ista ta zo sai ku aiko a tambayi Ikilisiyoyi yadda suka ji, a tambayi mawaƙa, a tambayi tsofaffin da ke zama a baya. Mu a ƙungiyarmu mun riga mun yi shawara: ranar da takardarku ta iso, mu za mu fara durƙusawa bayan waƙar fita, mu ba jama'a baya mu fuskanci bagadi.

Muna jiran amsarku, muna kuma roƙon albarkarku.

Ɗanku cikin Kristi,
a madadin wasu mawaƙa, masu karatu, masu hidimar bagadi da iyaye na Ikilisiya.